Gayya da Kalankuwa: Yadda Aiki da Wasa Suka Rabu a Ƙauyen Hausa

Da goro ake kiran gayya. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa ba ya bin gida-gida yana roƙo. Sarkin samari yake samu, ko sarkin noma, ya ajiye masa goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya faɗi gonar, su tsayar da rana. Daga nan magana ta bar hannunsa. Da daddare a dandali za a raba goron, kuma duk saurayin da ya karɓa ya jefa a baki ya san ya ɗauki alkawari.

Ranar da aka sa, makaɗa ne ke riga kowa isa bakin gona. Samari su jeru, kowa da kunyarsa, kowa da garmarsa, an tuɓe riguna an rataye a jikin gawo, wanda a lokacin ko ganye babu a kansa. Da an buga gangar noma sai a duƙa. Maroƙi yana biye da su yana kiran sunan kowa da na ubansa, yana tuna wa wane cewa kakansa bai taɓa bari wani ya riga shi fita kunya ba. 'Yan mata suna gefe da tuluna da fura, kuma ba kawo ruwa kaɗai ya kawo su ba, ido suke sawa. Wanda ya fara kai ƙarshen kunya ya juyo, budurwarsa za ta fito ta goge masa zufa da gyalenta a gaban kowa, guɗa ta tashi. Wanda aka bari a baya kuwa, kafin magariba an sa shi a waƙa. Da azahar a sauke akusan tuwon dawa da miyar kuka, in mai gonar da hali har da ɗan akuya. Kafin la'asar sakaliya an gama da gonar da za ta ci wa mutum da 'ya'yansa mako biyu.

Dattawa in suna ba da wannan labari yau, sukan rufe da cewa mutanen da sun fi mu tausayi da zumunci. Mai yiwuwa haka ne, amma ni ban yarda tausayi ne ya riƙe gayya ba. Bashi ne ya riƙe ta, da kunya, da wasa. Wanda ya zo gonarka yau, kai ma sai ka je tasa. Ba a rubutawa, amma babu mai mantawa. Wanda ya saba noƙewa, ranar da ya kira tasa gayyar sai ya ga makaɗa kawai, in abin ya yi tsanani ma samari su ƙaurace wa bikin aurensa. Waɗanda suka sha rana da damina kuwa sun san akwai abin da ke jiransu da kaka. Abin da ya sami gayya a shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce shi ne rabuwar waɗannan abubuwa uku, kuma ba mutum ɗaya ne ya raba su ba.

Gayyar gona ma kala-kala ce. Akwai ta neman aure, inda saurayi ke kwaso abokansa su nome gonar uban yarinya, wani lokaci damina biyu ko uku a jere kafin a ɗaura. Akwai ta masu hali, wadda rabinta aiki ne rabinta nuna isa. Akwai wadda ake yi wa liman da malamin allo da mace mai takaba. Akwai kuma ta mara lafiya, kuma a nan dole a ambaci kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki bana, sai baɗi tsutsar ta huda masa ƙafa ta fara fitowa, kuma a ƙasar Hausa da damina take fitowa, daidai lokacin noman farko da maimai. Magidanci na kwance yana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, gero kuwa ba ya jira. A ƙauyen da kurkunu ya kwantar da gidaje da yawa lokaci guda, in ba a yi wa mutum gayya ba, to baɗi sai dai ya ci bashin hatsi ko ya yi ƙaura.

Da an kai amfani rumbu, sai aikin ya koma na gari: yasar rijiya, yashe tafki, yaɓen masallaci kafin ruwa ya sauka, cike zaizayar da ta ci hanyar kasuwa, shinge makabarta da ƙaya saboda dabbobi da kuraye. Garin da ke da ganuwa, kowace unguwa da ɓangaren da take gyarawa. Jinka a ƙasa ake haɗa ta, sannan a ƙwala wa maƙwabta kira su kewaye ta su ɗaga lokaci guda su aza a kan ɗaki. Mata kuwa da tasu gayyar, wadda masu ba da labari suka fi mantawa da ita. In za a yi daɓen ɗakin amarya, a zuba tsakuwa a baje, a yayyafa ruwan makuba, matan unguwa su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa, bugun yana sauka tare, har ƙasa ta yi sulɓi. Haka sussuka, haka dakan biki. Matar da ba ta zuwa daɓen mutane, ranar auren 'yarta za ta gane kurenta.

Sai kaka, lokacin biyan samari. A ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, babban taron matasa shi ne kalankuwa. A gayyato makaɗa, a aika wa samarin ƙauyukan maƙwabta goro, a yi ɗinki, a yi kwanaki ana kiɗa da rawa da ciye-ciye a dandali. A wurare da dama kuɗin da masu hali suka ba samari a gayyar damina shi ake adanawa don wannan hidima. Samarin suna da sarautunsu na wasa, sarki da waziri da galadima da alƙali, bayan zuwan Turawa kuma aka ƙara da gwamna da joji da likita da ɗan sanda, 'yan mata ma da tasu shugabar. Mai kallo daga nesa zai ɗauka shiririta ce. Amma wannan alƙalin wasa da ke zaune a kan turmi da rawanin aro shi ne ke cin tarar wanda ya ƙi fita gayya, kuma sarkin samarin da ke buɗe fili da kaka shi ne ya raba goro da damina. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da aikin da wasan.

A daidai wannan lokaci ne mahauta ke yawon dambe gari-gari, 'yan kokawa na neman abokan karawa, Fulani na sharo a gefen kasuwa. Manomin da ya ɗaure dami dubu ya yi bikin dubu, ya rabar da dukiya, a naɗa shi sarkin noma. Kiɗan noma sana'a ce mai cin gashin kanta, kuma da shi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya fara a gidan mahaifinsa kafin ya zama makaɗin fada. Daji da ruwa ma ba a faɗa musu haka kawai. Sai an yi buɗin daji ake fita farauta, al'adar da har yanzu ake yi a Masalata kusa da Birnin Ƙonni. Tafki kuwa a rufe yake sai ranar da sarkin ruwa ya ba da izini, gari ya fito su gaba ɗaya da homa da gora. Irin wannan su na Kabawa ne aka shirya don karrama Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da ya ziyarci Argungu a 1934, ya girma ya zama bikin kamun kifin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Ɗaya ke nan da ya yi sa'a, a cikin ɗaruruwan da suka mutu ba wanda ya rubuta sunansu. Watannin Musulunci kuma na zagayowa da nasu: tashe daga goma ga azumi, sharar filin idi, cika-ciki.

Kada a ɗauka zamanin nan aljanna ne. Manyan gandayen sarakuna da attajirai a ƙarni na 19 ba gayya ce ta nome su ba, bayi ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba da labarin rinjin gidansu da bayin da ke noma gandu. Gayya ta 'ya'ya ce, tsakanin tsara da tsara. Da bauta ta fara rushewa, daga shelar da ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 har zuwa soke ta gaba ɗaya a 1936, masu manyan gonaki sai suka juya neman hannu a wani wuri, kuma idonsu ya faɗa kan talakawan da ke ƙarƙashinsu.

Turawa ma da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun tarar da jama'ar da ta saba fita aiki in an yi shela, suka ga banza ta faɗi. Layin dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, da leburorin da hakimai da dagatai suka tara aka yi shi. Bayansa sai sharar hanyar mota, da ginin bariki, da dakon kayan Bature in ya fito rangadi. Mafi muni shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka koma kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar dubban manoma daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza cikin sanyin Filato, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna, kuma da yawa ba su ga gida ba. A ɓangaren Faransa abin ya fi tsanani, har ƙauyuka suka riƙa tsallaka iyaka suna shigowa Nijeriya, sai a Afrilun 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka.

Ɓarnar da wannan ya yi wa gayya ta fi ƙarfin a auna ta da yawan waɗanda aka kwasa. Muryar da ke kiran mutane yasar rijiya ita ce ke kiransu dakon kayan joji: dagaci ɗaya, mai shela ɗaya. Wasu hakiman ma suka cusa noman gandunsu a ciki, babu kiɗa, babu tuwo, babu ranar ramawa. Talaka ya koyi tambayar da kakansa bai san ta ba: aikin wa? Da NEPU ta kafu a 1950, hana noman gandun sarauta da aikin tilas na cikin abubuwan da suka sa ƙauyawa suka saurari Malam Aminu Kano. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar iko daga hannun sarakuna, a 1979 kuma Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. An yi daidai, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya. Sai dai dagacin da aka karɓe wa sandar zalunci, da ita aka haɗa aka karɓe wadda yake tara mutane gyaran hanya, aka ce yanzu akwai shugaban ƙaramar hukuma da kansila. Daga nan kalmar nan ta shigo ƙauye ta zauna: aikin gwamnati ne.

Kuɗi kuwa tun kafin nan suke nasu aikin a hankali. Jirgin ƙasa ya buɗe kasuwar gyaɗa daga 1912, haraji kuma da tsabar kuɗi ake biya, don haka guminka ya zama abin sayarwa. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967 ta fitar da littafi a kan garin a 1972, ta tarar ƙwadago ya riga ya zauna da gindinsa: mai ƙaramin ƙarfi na barin gonarsa a lokacin da ta fi bukatarsa, ya tafi noma ta mai hali don ya samo abin da za a ci a ranar. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da yinin da zai bayar kyauta. Shi ma mai gonar ya iya lissafi. Duk manomi ya san aikin gayya akwai sauri amma babu kyau, domin samarin da ke tsere don 'yan mata su gani ba sa duba gindin geron da suka sare. In ka haɗa kuɗin tuwo da nama da goro da sallamar makaɗa, ɗaukar 'yan ƙwadago biyar da za ka tsaya a kansu ya fi sauƙi.

Saura duk ƙari ne. Garmar shanu ta bazu, musamman bayan shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe da aka fara a 1975, daga baya maganin feshi ya zo ya rage noman ciyawar da dominsa ake kiran gayya tun farko. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai yara aji. Kuɗin mai ya ja samari ci-rani zuwa Legas da Fatakwal da Kaduna, wasu tun ba a ɗaure dami ba sun hau mota. Inda aka sami madatsar ruwa irin ta Tiga, ko injin ban-ruwa a fadama, rani ya daina zama lokacin hutu, ya koma na tumatir da albasa da alkama. Kwano ya kori jinka, siminti ya kori daɓe, inji ya kori sussuka. Ba na kukan ko ɗaya daga cikinsu, kuma matar da ta taɓa yini tana sussukar gero ba za ta yi kukan ba. Amma kowanne da ya tafi, ya tafi da wani dalilin da ke sa maƙwabci ya bukaci maƙwabcinsa.

A Nijar labarin ya bi wata hanya. Sojojin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin tsananin fari, ba su da jam'iyya, sai shugabansu Seyni Kunce ya ɗauko tsohon tsarin samari na ƙauye ya mai da shi hukuma. Samariya ta kafu a kowane gari da kowace unguwa. An gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, an share tituna, an noma gonakin gama-kai, an dasa itatuwa. Abin da Kunce ya gane, wanda mahukuntan Nijeriya ba su taɓa ganewa ba, shi ne ba a raba samari da wasa. Tare da aikin aka kafa gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tsakanin jihohi, aka kuma fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Amma Samariya ta zama idon gwamnati da bakinta, ita ke tara mutane tarbar manya da tafi. Kunce ya rasu a 1987, guguwar dimokuraɗiyya ta zo da taron ƙasa na 1991, Samariya ta bi mulkin da ya raine ta. Kokawar ce ta rayu, har gobe duk shekara ƙasa na tsayawa cik saboda gasar cin takobi.

Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kawo wani baƙon, wato ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a 1975. A Keita, daga 1984, dubban mutane, akasarinsu mata domin maza sun tafi ci-rani, suka yi ta jidar duwatsu suna tare zaizaya ana ba su abinci. Aikin ya yi amfani, wanda ya ga wuraren ya san an farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Sai dai ya bar wata ɗabi'a. Wanda aka saba ba shi mudun hatsi da gwangwanin mai don ya gyara fadamar garinsu, in aka kira shi gobe babu komai sai ya ce a jira masu farar mota. Wanda ya fi dacewa da halin mutane shi ne Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, domin bai kawo kuɗi daga waje ba. Adashin da mata suka sani ya gyara: su zuba, su ranta wa juna, su ci tarar wadda ta makara. Bashi da kunya suna nan a ciki, ga kuma ranar rabo da ake shagali, shi ya sa tsarin ya bazu har ƙasashe da dama.

A Nijeriya gwamnatocin soja sun yi ta ƙoƙarin tayar da gayya da umarni. Yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, daga 1984, ya kawo sharar ƙarshen wata da bulala a bayanta. Hukumar raya karkara ta Babangida, daga 1986, ta ce kowane gari ya kafa ƙungiyar ci gaba. Mafi yawansu a takarda suka tsaya, amma wasu sun kama, musamman inda 'yan bokon gari da 'yan kasuwarsa da ke birni suka sa hannu. Daga nan gidauniya ta zama sabuwar gayya: a kafa rumfa, a gayyato babban baƙo, maroƙi na shelar abin da kowa ya bayar. Makarantun sakandaren al'umma da yawa da masallatan Juma'a da ƙananan asibitoci haka aka gina su, mazauna gida su ba da yashi da ruwa da ƙarfi, na birni su ba da siminti da kwano. Yau a WhatsApp ake wannan tarin, ana jera sunayen waɗanda suka biya don waɗanda ba su biya ba su gani. Kunyar ba ta mutu ba ke nan.

Aikin sa-kai na ƙauye da ya fi kowanne cin nasara a wannan zamani, a ganina, shi ne yaƙi da kurkunu. Binciken farko a ƙarshen shekarun 1980 ya ƙirga masu cutar sama da 650,000 a Nijeriya. Ba allura, ba ƙwaya. Mutum ɗaya ko biyu ake zaɓa a kowane ƙauye, su raba ƙyallen tace ruwa, su wanke ciwo su ɗaure, su hana mai kurkunu shiga tafki, su rubuta sunan duk wanda ya kamu. Cibiyar Jimmy Carter ta tsaya a kai, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Yaran da ke tasowa yanzu ba su san ciwon da ya sa aka nome gonar kakansu ba. Shirye-shiryen da suka biyo baya kuwa da alawus suka zo, har ta kai yau in ka ce aikin sa-kai, tambayar farko ita ce nawa ake bayarwa. Ban ga laifin mai tambayar ba, tunda ya ga wanda ya zo ɗaukar sunansa a mota mai sanyi ya zo.

Wasan kuma fa? Shi wa'azi ne ya fi yi masa illa. Malamai sun daɗe suna suka, amma daga kafuwar Izala a Jos a 1978 sukar ta shiga ƙauye da lasifika, bayan shelar Shari'a a Gusau a Oktoban 1999 kuma, da kafa Hisba a jihohi, ta samu hukuma a bayanta. Kalankuwa ta mutu a mafi yawan wurare, dandali ya watse, makaɗan noma suka rataye ganguna. A yi adalci: abin da malamai suka gani ba ƙage ba ne. Akwai cakuɗuwar maza da mata har tsakar dare, akwai tsarance, akwai caca, a wasu wuraren akwai giya da tsafi, kuma farauta da dambe sun sha ƙarewa da jini tsakanin ƙauyuka. Ƙungiyoyin addini kuma sun kawo nasu aikin sa-kai mai tsari. 'Yan agajin Jama'atu da na Fityanu da na Izala su ne ke tsare filin idi da wurin tafsiri, su ne a asibiti, su ne wajen gobara. Musabaƙa da maulidi da walimar sauka sun cike wani gurbin taro. Inda aka yi kuskure shi ne an rushe majalisar samari ba a tambayi wane aiki take yi wa gari ba. An kori sarkin samari saboda kiɗa, aka manta shi ne mai raba goron gayya. Saurayin bai daina neman nishaɗi ba, ya koma gidan kallon ƙwallo da waya, wasu kuma sun koma abin da ya fi kalankuwa muni nesa ba kusa ba, kuma babu ɗaya a cikin waɗannan da ke tambayarsa ko ya fita gyaran hanya.

Abin da ya rage na gayya yau shi ne abin da kuɗi ba sa saye ko ake jin kunyar saye. Haƙar kabari da ɗaukar gawa. Cike makabarta in ruwa ya zaftare ta. Gobara, ambaliya, jigilar mai naƙuda. A birnin Kano ma akwai ƙungiyoyin aikin gayya da ke yashe magudanan ruwa kafin damina. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, mafi girman aikin sa-kai yanzu shi ne kwana a bakin gari da bindigar toka, aikin da ya ceci garuruwa ya kuma jawo ramuwar gayya a inda aka wuce gona da iri. Akwai ƙauyukan da sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka, akwai waɗanda ake tasa ƙeyar mazajensu su nome gonar ɗan ta'adda tun safe har yamma. Jikokin waɗanda aka yi wa ɗiban gwamna ne. A irin waɗannan wurare maganar buɗin daji ko su a tafki ba ta ma taso ba.

Inda Allah ya sa akwai sauran zaman lafiya kuwa, kullum za ka ji shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi ko mai wa'azi yana kira a farfaɗo da aikin gayya, musamman yanzu da kuɗin ƙwadago da na feshi da na tarakta suka yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai a 2023. Kiran yana da kyau, amma rabin magana ce. Ana so saurayi ya fito da shebur ranar Asabar, ba tuwo, ba yabo, ba ranar da za a rama masa, sannan in ɗan kwangila ya zo a rubuta aikin da sunan wani. Kakansa ma bai yi haka ba. Hukuma ta kawo baro da shebur da siminti ta koma gefe. Dattawa da malamai su zauna da samari su yarda da wasan da babu saɓo a cikinsa, tunda kokawa da sukuwa da langa da gasar noma ba su kasa samun gurbi a Musulunci ba. A bar samarin su zaɓi shugabansu da kansu, a ba shi ikon cin tara. Kakar bana a ba su fili da rana, a ɗaure rago ga wanda ya yi kaye, sannan da rani a kira su yashe tafki a ga ko za su fito.